Cutar Kandida ga Mai Juna Biyu: Ƙaiƙayin da Ake Kira Sanyi



Abin da zan yi magana a kansa yau yana cikin batutuwan da Bahaushe ba ya son a ɗaga murya a kansu, balle a gaban taron maza da mata. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu na zaure ma, waɗanda ba wanda ya kai su kamun kai, in karatu ya kawo su babin tsarki sukan kira kowane ruwa da ke fita daga gaban ɗan Adam da sunansa, su bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi. Har littattafan fiƙihun Malikiyya sun keɓe wa farin ruwan da kan zubo wa mai ciki gab da haihuwa suna nasa, watau hadi. In an yi haka domin gyaran alwala, ban ga abin da zai hana a yi domin gyaran lafiya ba. Sabo da haka zan ambaci farji da sunansa inda ya kama, ina kuwa roƙon a yi mini uzuri.

Aikina nazarin harshe ne, kuma ta ƙofar harshe na shigo wannan batu. Ku dubi kalmar nan sanyi, ku ga irin kayan da muka ɗora mata. Mai ciwon gaɓoɓi sanyi ke damunsa. Namijin da ke fitsari da zafi da mugunya ya kwaso ciwon sanyi. Matar da mararta ke ciwo, da wadda ta daɗe ba ta sami haihuwa ba, da wadda ke ganin farin ruwa, da wadda ƙaiƙayi ya hana barci, duk sanyi ne. 'Yan zamani sun ga kamar sun ci gaba da suka ari kalmar infekshan, har wasu na cewa a banɗaki ake ɗaukarsa, alhali buhun nan ne dai aka sake wa suna, kayan ciki ba su canja ba. Illar wannan ba ta tsaya ga magana ba. In suna ɗaya ne, magani ma ɗaya za a nema, kuma zargi ɗaya za a yi. Ga mace mai ciki kuwa, a cikin buhun nan akwai abin da ba cuta ba ne sam, akwai cutar da ke iya jawo haihuwar bakwaini, akwai kuma wadda ta fi kowace ƙaiƙayi amma ta fi su sauƙin hatsari. Ita ce likitoci ke kira kandida, kuma ita nake so mu zaro daga cikin buhun mu dube ta ita kaɗai.

Mece ce kandida?

Kandida ba bakteriya ba ce. Wata ƙanƙanuwar halitta ce daga dangin fumfuna, 'yar'uwar yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, kuma dangi ce ta nesa ga abin da ke haddasa makero da ƙyasfi a fata. Tana da iri da yawa, amma wadda ke jawo fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan ciwo ita ce Candida albicans. Kalmomin biyu na Latin ne, kuma duka biyun fari suke nufi, domin farin da take bari a inda ta yi yawa. Wani likitan Jamus, Bernhard von Langenbeck, ya gan ta a bakin wani majinyaci a 1839. A 1849 wani likitan Ingila, Wilkinson, ya bayyana ta a farjin mace. Sunan da take amsawa yau kuwa wata masaniya 'yar ƙasar Holan, Christine Berkhout, ta raɗa wa danginta a 1923.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, kandida ba baƙuwa ba ce a jikin mutum. Tana zaune a baki da hanji da fatar mutane masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau. In aka ɗauki mata 5 marasa ciki, marasa kukan komai, aka gwada ruwan farjinsu, za a iske ta a jikin kamar 1 daga cikinsu. Zama take yi lami lafiya, a siffar 'yan ƙwayoyi masu tsiro. Sai in hali ya sake ta kan rikiɗa, ta miƙe ta zama zare-zare kamar saiwa, ta kutsa cikin fatar da ke shimfiɗe a bangon farji. A 2016 masu bincike suka bayyana wani dafi da wannan zaren ke fitarwa, wanda ke huda ƙwayoyin fatar. Jiki kan tashi ya yi faɗa, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi. Ƙaiƙayin da mace ke ji, rabinsa aikin kandida ne, rabinsa ƙurar faɗan da jikinta ke yi da ita.

Ciwon kuwa gama-gari ne ƙwarai. An ƙiyasta cewa mata 3 cikin 4 za su gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma kusan rabin mata za su gamu da shi fiye da sau ɗaya. Ciwon da ya kama mata 3 cikin 4 ba zai zama shaidar ƙazanta ko ta lalata ba.

Me ya sa ciki ke buɗe mata ƙofa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mu ga tsagar, sai mu san bangon. A 1892 wani likitan mata na Jamus, Albert Döderlein, ya duba ruwan farjin mata masu ciki a ƙarƙashin madubin likita, ya iske wasu bakteriya dogaye masu yawan gaske a jikin lafiyayyu. Su ne ake kira laktobasilas, kuma danginsu ne ke mayar da madara kindirmo. Aikin da suke yi a ƙwaryar Bafillatana shi suke yi a jikin mace: su ci sukari, su fitar da tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ruwan sha ke kan 7, lafiyayyen farji yana tsakanin 3.8 da 4.5. Wannan tsami kan hana miyagun bakteriya da yawa sakewa. Kandida dai tana jure tsami, ba ya kashe ta. Abin da ke taƙaita ta shi ne cunkoso, domin masu gida sun cika wurin, sun rigaye ta abinci da mazauni, ga kuma garkuwar jiki tana sa mata ido.

Da ciki ya shiga, sai lissafin ya canja. Akwai wasu sinadarai da jiki ke aikawa cikin jini su ba gaɓoɓi umurni, ana kiransu homon. Biyu daga cikinsu, istirojin da furojestaron, kan hauhawa tun daga farkon ciki, mabiyiya ce kuwa ke ƙera mafi yawansu, kuma ba su daina hawa sai an haihu. Istirojin kan sa bangon farji ya yi kauri ya tara wani nau'in sitaci da ake kira gilaikojin, wanda in ya narke sukari ne. Watau an cika rumbu. Bugu da ƙari, istirojin kan sauƙaƙa wa kandida manne wa fata, ya kuma zuga ta ta rikiɗa zuwa siffar nan ta zare mai cutarwa. A gefe guda kuma garkuwar jikin mai ciki kan sassauta wani sashe na tsaronta, don kada ta ɗauki ɗan tayi a matsayin baƙon da za a kora. Ga abinci, ga ɗumi, ga laima, ga mai gadi ya rage zafi. Shi ya sa adadin matan da ke ɗauke da kandida kan tashi daga kamar kashi 20 cikin 100 zuwa kashi 30 ko fiye a lokacin ciki, kuma ciwon ya fi tsananta daga wata na 4 zuwa haihuwa.

Akwai hujja mai sauƙi da ke nuna hannun istirojin a wannan al'amari. Da wuya a ga ciwon ga yarinyar da ba ta balaga ba, da wuya kuma a gan shi ga tsohuwar da haila ta ɗauke wa, sai fa in tana da ciwon sukari ko tana shan maganin homon. Ciwo ne na shekarun haihuwa. Don haka babban abin da ke jawo wa mai ciki kandida shi ne cikin kansa, ba mijinta ba, ba kishiyarta ba, ba kuma masai ba.

Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ake ɓata zumunci. Likitoci ba su lissafa kandida cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ko da yake yawan saduwa na iya tayar da ita ga wasu, kuma wani lokaci miji kan ji ɗan ƙaiƙayi ko ya ga ja a kan kaciyarsa, wanda man shafawa ke warkarwa. An gwada ba mazajen da ba su da alamar komai magani don a ga ko zai hana ciwon komo wa matansu, bai hana ba. Amma a gidajenmu, da amarya mai ciki ta fara susa, sai a ce uwargida ce ta shafa mata ta hanyar maigida, ko uwargida ta ce amarya ce ta shigo musu da shi daga waje. Na sha jin irin wannan ƙorafi, kuma duk asalinsa kalmar nan ce guda da muka tara wa cututtuka biyar.

Abubuwan da ke ƙara faɗin tsagar

Ba kowace mai ciki ke kamuwa ba, kuma a cikin masu kamuwa akwai wadda sau ɗaya ne, akwai wadda da ta warke sai ya komo. Abin da ya fi kowane ƙarfin hujja a nan shi ne shan maganin kashe bakteriya, watau irin su amfisilin da amoksisilin da tetarasaikilin, waɗanda muke tara su duka mu ce kafso. Waɗannan magunguna ba su san na gida ba, ba su san baƙo ba. In mace ta sha su, sukan kashe har da laktobasilas ɗin nan masu tsare wuri, kandida kuwa ko gezau, domin ita ba bakteriya ba ce. Sai ta wayi gari ta iske fili ba kowa. To, ku dubi yadda abin ke gudana a garuruwanmu. Mace ta ji ƙaiƙayi, kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai mijinta, shi kuma ya tsaya a kemis ya ce a ba shi maganin sanyi na mata. Mai kemis bai ga majinyaciya ba, bai ma san tana da ciki ba, ya ƙulla kafso kala biyu ko uku. Ta sha, ƙaiƙayi ya ƙaru, a ce sanyin ya yi ƙarfi, a koma a sayo wanda ya fi shi, har a kai ga allura. Garin neman gira a rasa ido ke nan, tun da wasu daga cikin magungunan, kamar tetarasaikilin, an hana mai ciki shan su sabo da suna ɓata haƙoran ɗan da ke ciki. Ba cewa nake yi mai ciki ta ƙi maganin da likita ya rubuta mata don ciwon mafitsara ko wani ciwo na gaske ba. Wannan dole ne ta sha ta ƙare. Sai dai ta san kandida na iya biyo baya, in ta biyo kuwa ba sabon kafso take bukata ba.

Na biyu shi ne ciwon sukari, ko wanda mace ke da shi tun da can, ko wanda ciki ke kawowa ya tafi bayan haihuwa. In sukari ya yi yawa a jini, yakan yi yawa a ruwan farji da fitsari, ya kuma raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. A nan akwai wani abin sha'awa. Iyayenmu mata suna da abin da suke kira zaƙi: sukan ce mai cikin da ta cika shan kayan daɗi zaƙi kan taru mata, ya riƙa zuba, ya kuma tsare hanya ranar naƙuda, don haka ake jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci ta sha. Bayanin nasu bai dace da abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje ba, amma lurar tasu ba ta banza ba ce, domin mai ciwon sukari takan yi fama da zubar ruwa da ƙaiƙayi, kuma ɗanta kan yi girman da zai wahalar da haihuwa. Inda aka rabu shi ne magani. Jiƙo ba ya auna sukari. Gwajin jini ke yi, kuma akan yi shi tsakanin mako na 24 da na 28 na ciki. Duk mai cikin da kandida ke yi wa zuwa da komowa, ya kamata ta nemi a yi mata wannan gwaji ko da ba a ambata mata ba.

Sai raunin garkuwar jiki. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani ta fi saurin kamuwa, wannan kuwa ƙarin dalili ne na karɓar gwajin da ake yi wa kowace mace a wurin awo. Haka kuma magungunan da ake kira sitiroyid, irin su firedinisolon da deksametazon, suna danne garkuwa, suna kuma ɗaga sukarin jini. Na ambace su ne musamman domin 'yan matanmu na shan su don ƙiba, kuma suna cikin mayukan bilicin da yawa da ake shafawa jiki duka, wata da watanni.

Game da wanke-wanke da cushe-cushe, gaskiya hujjar ta fi ƙarfi a kan wata cutar dabam, wadda zan ambata nan gaba, fiye da kandida. Duk da haka likitoci sun haɗu a kan cewa cikin farji ba ya bukatar sabulu, ko Dettol, ko ruwan kanwa, ko alif, ko wani haɗin matsi daga cikin kayan mata. Shi ke wanke kansa. Waɗannan abubuwa kan kori masu gida, su ƙona fatar da ciki ya riga ya sa ta yi laushi, ƙaiƙayin da ake gudu ya ninku. Tsarki da ruwa zalla daga waje ya isa, a kuma wanke daga gaba zuwa baya, domin hanji shi ne babban matattarar kandida. Kamfai na roba mai matse jiki a zafin bazara shi ma ana zarginsa. Hujjarsa ba ta kai ta kafso da sukari ba, amma na auduga ba ya cutar da kowa.

Yadda za a bambanta ta da sauran

Kowace mai ciki takan ga ƙarin ruwa fari-fari, tsinkakke, mara wari, mara ƙaiƙayi. Wannan aikin istirojin ne, ba ya bukatar magani ko kaɗan. Alamar kandida ta farko ƙaiƙayi ce, mai tsanani, a baki da kewayen farji, sau da yawa ya fi matsawa da dare. Wurin kan yi ja, ya kumbura, wani lokaci ya tsattsage, fitsari in ya taɓa shi ya yi raɗaɗi, saduwa ta zama azaba. Ruwan kuwa fari ne mai kauri, gudaji-gudaji kamar awarar da aka marmasa, kuma ba shi da wari mai ƙarfi.

In ruwan ya zama tsinkakke, toka-toka, mai ƙarni kamar na kifi, wannan ya fi kama da rikicewar bakteriyar farji, wadda wanke ciki da sabulu ke taimaka wa. In ya zama ruwan ɗorawa ko kore-kore mai kumfa, ana zaton tirikomonas, ita kuwa ta saduwa ake ɗaukarta, kuma dole a yi wa miji da dukan matansa magani tare. Waɗannan biyu an danganta su da fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini. Ciwon sanyi na ainihi, watau gonoriya, da 'yar'uwarsa kilamidiya, sau da yawa ba su nuna wa mace alama sosai, amma suna iya kama idon jariri wajen fitowa, gonoriya har ta makantar da shi. Kun ga ashe mai yawan ihun ba ita ce mai yawan ɓarna ba. Ido kaɗai kuwa yana kuskure, har na ma'aikatan asibiti. Gwajin ba wuya gare shi: a ɗebi ɗan ruwan da auduga, a auna tsaminsa, a duba a madubi. Ga mai kandida tsamin yana nan daidai, ƙasa da 4.5, ga sauran biyun kuwa ya kan haura.

Maganin kandida ga mai ciki na cusawa ne da na shafawa, ba na haɗiya ba. Na farko da aka samu shi ne nistatin, wanda wasu mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950 suna aiki a hukumar lafiya ta Jihar New York a Amurka. Daga baya aka sami kulotirimazol, wanda aka fi sani da sunan Canesten, da mikonazol, kuma gwaji ya nuna sun fi nistatin aiki ga masu ciki. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke shiga jini, shi ya sa ba a jin tsoronsu ga ɗan tayi. Sai dai mai ciki kwana 7 take bukata cur, ba kwana 1 ko 3 da kan ishi wadda ba ta da ciki ba, kuma kada ta daina don ƙaiƙayi ya lafa a kwana na uku. Ta cusa da dare in za ta kwanta, da yatsa mai tsabta, a hankali.

Ƙwayar haɗiya da ake kira fulukonazol, wadda guda ɗaya tak kan warkar da mara ciki, ita ce ake gudu. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan ta da yawa na tsawon lokaci a watanni 3 na farko na iya jawo nakasa ga jariri, a 2016 kuma wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak ya nuna ɓari ya fi yawa ga matan da suka sha ta da ciki. Ana kuwa sayar da ita a kemis ba tare da an tambayi mai saye ko matarsa ta ga wata ba.

Ita kandida kanta, a mafi yawan lokuta, ba ta hawa mahaifa ta taɓa ɗan tayi. Abin da aka fi gani shi ne jariri ya kwashe ta wajen fitowa, bayan 'yan kwanaki a ga farin dabbare a harshensa da cikin kumatunsa, wanda ba ya goguwa kamar guntun nono, ko kuma jan ƙurji a matsematsinsa. Daga bakinsa tana iya komawa kan nonon uwa, shayarwa ta zama da zafi, don haka akan yi wa uwa da ɗa magani lokaci guda. Ciwon kan yi sauƙi da kansa bayan haihuwa, da istirojin ya sauka.

Akwai dai alamun da in mai ciki ta gan su, to, maganar kandida ta ƙare, ba kuma a jiran ranar awo: ruwa tsinkakke mai zuba ba tsayawa har ya jiƙa zane, ko jini, ko zazzaɓi tare da ciwon mara, ko ƙuraje masu ruwa da gyambo a gaba, ko kuwa ta ji motsin ɗa ya ragu. Waɗannan asibiti ake kai su a ranar, ko da tsakar dare ne.